Bin sawun randar Dariyus

A ƙofar sashen da suke kira Magna Grecia, wato na garuruwan Girkawan dā a kudancin Italiya, a babban gidan tarihi na Napoli, wata ma'aikaciya ta tare mu ta miƙo mana 'yan ledoji, ta nuna ƙafafunmu. Sai mun sa wa takalmanmu riga za mu shiga, domin daɓen ɗakunan ma kayan tarihi ne, ƙananan duwatsu masu launi da aka kwaso daga gidajen Rumawan dā aka sake jerawa a nan. Ni da Auta muka zauna muka saka. Da farko ba nan muka nufa ba. Na zo Italiya ne in duba shi, don shekara biyu ke nan yana karatun aikin gona a Bari bai leƙo gida ba, Inna kuma ta ce muryar waya ba ta ishe ta ba, sai wani ya je ya gano mata shi da ido. Ya taro ni a Napoli da niyyar ya kai ni kufan Pompei, sai aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a gidan tarihi.

Can ciki na ci karo da randar. Tsayinta ya kai mita 1.3, baƙa wuluk tana sheƙi, hannayenta biyu sun miƙe sun nannaɗe a saman baki kamar ƙahon rago. Jikinta cike yake da mutane jajaye, hawa uku. A lokacin ban san labaran Girkawa ba, amma hawan tsakiya bai buƙaci tafinta ba, domin fada ce sosai. Ga sarki a kan karaga, an rubuta sunansa kusa da shi: Dariyus, sarkin Farisa. Ga dogari tsaye a bayansa da takobi da mashi. Ga fadawa zazzaune. A gaban sarki wani dattijo ya hau ɗan zagayayyen dandamali, ya ɗaga yatsu yana magana, da gani ka san ba kirari yake yi ba. Hawan sama na abubuwan bautarsu ne, tare da wasu mata biyu da aka sa su tsaya a madadin ƙasashe, ɗaya Girka ɗaya Asiya, sai ta uku riƙe da bakin wuta, sunanta Yaudara, tana jan Asiya zuwa yaƙi.

Na ƙasan ne ya tsayar da ni. Ma'aji ne zaune gaban tebur, allo buɗe a hannunsa, ɗaya hannun yana jera tsakuwa a kan teburin da aka yi wa haruffan lissafi. Wani ya rungumo buhu, wani ya ɗauko kwanoni masu daraja, mutum uku kuma sun zube ƙasa sun miƙa hannuwa. Duk wanda ya taɓa jin labarin haraji da jangali daga bakin kakanninsa ya san wannan durƙuson. An yi randar tsakanin shekarar 340 da 320 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kimanin shekara 150 bayan yaƙin Farisa da Girka da take ba da labarinsa, kuma ba a Girka aka yi ta ba. A nan kudancin Italiya aka yi ta, inda Girkawa suka kafa garuruwa a bakin teku tun ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa.

Kakarmu ta wajen uwa maginiyar tukwane ce. Na tashi ina kallonta tana taka yumɓu, tana gina randa da hannu tana zagaya ta, tana goge mata jiki da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har ta yi santsi. In an kwashe tukwane daga matoya, ɗaya bayan ɗaya take ƙwanƙwasa su da yatsa ta kasa kunne; wadda ta yi ƙara garau ta kasuwa ce, wadda ta amsa da murya a dishe ta zama ta kaji. A gaban randar Dariyus sai da na riƙe hannuna ta baya, don yatsana shi ma so yake ya ji muryarta.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne baƙin nan ba fenti ba ne. Shi ma yumɓu ne, an dama shi da ruwa an bar shi ya kwanta, aka tsiyaye mafi laushinsa aka shafa a duk inda ake son baƙi, aka bar siffofin mutane da launin ƙasarsu. Sauran aikin na wuta ne. A matoya mai rufi ake fara gashi da kafofi a buɗe, komai ya yi ja. Sai a toshe kafofin a zuba ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe, komai ya koma baƙi. Sai a sake buɗewa. Inda ba a shafa ba ya sha iska ya koma ja, inda aka shafa kuwa ya riga ya narke ya liƙe, baƙinsa ya zauna daram. Kaka ta san rabin wannan sirrin, don ta san tukunyar da toka ta danne ta hana ta iska da baƙin tabo take fitowa. Su waɗannan sun kama tabon ne suka mai da shi alƙalami.

Ba a san sunan wanda ya zana ta ba. Masana suna ce masa Mai Zanen Dariyus, kamar yadda suke ce wa wasu Mai Zanen Baltimore ko Mai Zanen Pisticci, da sunan abin da suka zana, ko garin da aka tsinci aikinsu, ko birnin da aikin ya je ya sauka. A duk masu zanen kudancin Italiya mutum biyu ne kawai suka bar sunansu a jikin tukunya, Asteas da Python, dukansu na garin Paestum. Sauran, wani malami haifaffen New Zealand mai suna Arthur Dale Trendall, wanda ya rasu a 1995, shi ya ƙarar da rayuwarsa yana rarrabe su ta yadda kowa yake zana ido da kunne da naɗin tufa, kamar yadda alaramma yake gane rubutun almajirinsa a cikin alluna ɗari. Tukwane wajen 20,000 ya bi, ya kasa su gida biyar: na Apuliya, da Lukaniya, da Kampaniya, da Paestum, da Sisili. Fiye da rabi na Apuliya ne, yankin da ake kira Puglia a yau, wato dunduniyar takalmin da taswirar Italiya take kama da shi.

A 'yar takardar bayani na ga an rubuta Canosa, 1851. Na ce, "Auta, ina ne Canosa?" Ya ce, "Yaya, ai hanyarmu ce gobe. Babban titin da za mu bi zuwa Bari sunansa ma Napoli zuwa Canosa." Tun daga nan tafiyar ta sauya mini. Na ga randar, ina so in ga ramin da ta fito.

Da yamma ruwa ya ɗauke, muka taka zuwa unguwar Chiaia, muka shiga wani lungu kusa da dandalin Martiri inda gidan Sessa yake. Nan William Hamilton ya zauna, jakadan Ingila a fadar sarkin Napoli daga 1764 zuwa 1800. Kafin zuwansa manyan Turai gumakan marmara suke so, tukunyar ƙasa ba ta cika shiga falon mai sarauta ba, har ma yawanci ana ɗauka aikin mutanen Etruriya ne na tsakiyar Italiya. Hamilton ya shiga saye, daga dillalai da gidajen masu hali da suka karye, har yana zuwa ya tsaya a buɗe kabari a gabansa. Ya sa aka buga hotunan tukwanensa a manyan littattafai huɗu masu launi, littattafan suka zagaya Turai, har Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaran a Ingila, ya raɗa wa sabuwar masana'antarsa suna Etruria a 1769 yana kwaikwayon siffofin. A 1772 majalisar Ingila ta biya fam 8,400 aka saye tarin Hamilton aka kai gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, tukwane fiye da 700. Ga shi kuwa tun 1755 sarkin Napoli ya kafa dokar hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Amma jakada abokin farautar sarki ne.

Bai daddara ba, ya sake tara wasu da suka fi na farko. A ƙarshen 1798, sojojin Faransa na matsowa, aka ɗaure kayan a akwatuna aka yi Ingila da su. Akwati takwas suna cikin wani jirgin yaƙi mai suna Colossus, wanda guguwa ta nutsar a tsibiran Scilly cikin watan Disamba, ana dab da isa gida. Sai a shekarun 1970 masu nutso suka gano shi, suka tsinto tsingaro fiye da 30,000 a cikin yashi. Na tsaya a ƙofar gidan ina tunanin tukwanen nan: sun kwana shekara dubu biyu lafiya lau a gefen masu su, sai da aka ƙaunace su sannan suka farfashe. Ba na ƙin ba Hamilton haƙƙinsa, shi ya sa duniya ta ɗauki aikin maginan nan da daraja. Sai dai daga ranar da tukunya ta yi farashi, kabari ya rasa kwanciyar hankali.

Washegari motar safa ta haura da mu tsaunuka, ta ratsa ramukan dutse, ta gangaro wani shimfiɗaɗɗen fili mai alkama da zaitun da inabi, ga manyan fankokin lantarki jere a kan tuddai. Auta ya nuna mini arewa, wajen Foggia, ya ce can ake noman tumatir, kuma in damina tasu ta zafi ta yi, 'yan uwanmu na Ghana da Najeriya da Mali ne ke tsinkar shi, har ya taɓa jin Hausa a bakin gona. A ƙarƙashin gonakin nan akwai wani tsohon birni, Arpi, wanda maƙabartarsa tana cikin waɗanda aka fi yi wa ta'asa a duk Italiya. Mun wuce mararrabar Canosa ba mu sauka ba, sai da na huta kwana biyu a Bari.

Ruvo muka fara zuwa, a ƙaramin jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Gari ne na farin dutse, tsit da rana, sai tsofaffi a benci. Gidan dangin Jatta yana bakin wani dandali, kuma ɗakuna huɗu na ƙasansa su ne gidan tarihin. Wanda ya shiga ya koma ƙarni na 19 ke nan: jajayen kujeru, kabad-kabad na katako, manyan randuna a kan ginshiƙai a tsakar ɗaki ba gilashi tsakaninka da su. An ce kafin a san darajarsu, manomin Ruvo in garmarsa ta faɗa kabari, fasa tukwanen yake yi yana neman kuɗi a ciki. Da labarin farashin Napoli ya iso, wajen shekarun 1820, sai garin ya kama zazzaɓin tono, aka kafa ƙungiyoyi ana haƙa dare da rana, kaya na tafiya Napoli da Faris da Landan. Wasu 'yan uwa biyu, Giovanni Jatta, alƙali a Napoli, da ƙanensa Giulio, suka shiga saye da tonowa don kada garinsu ya tashi a tutar babu. Bayan rasuwarsu matar Giulio, Giulia Viesti, ita ta tsaya kai da fata har aka haɗe tarin wuri ɗaya aka bar shi a Ruvo, ɗanta kuma ya buga cikakken jerin kayan a 1869. Gwamnati ta saye shi a 1991, abubuwa kusan 2,000, ba a sauya jerin ba.

Jerin nan kuwa na kyau ne: daga mai sauƙi ake farawa, ana hawa har ɗakin ƙarshe inda randar Talos take. Ita daga Atina aka kawo ta tun zamanin, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani ƙaton mutum-mutumin tagulla ne mai gadin tsibirin Kirit, an zana shi da fari-fari don ya yi kama da ƙarfe, gwiwoyinsa sun sage yana faɗuwa ta baya, wasu tagwaye mahaya suna tare shi, matsafiyar da ta kashe shi tana tsaye gefe da ƙwarya a hannu. Na daɗe a gabansa. Amma ɗakunan tsakiya sun fi koya mini abu. A nan na ga kofuna masu kan rago da kan sa da kan kare, na ga faranta masu zanen kifi da ɗan rami a tsakiya, na ga kan mace yana fitowa daga cikin fure. A jikin randuna da yawa kuma akwai ɗan farin gini mai ginshiƙai biyu, a ciki saurayi da dokinsa ko mace da madubinta, su ma farare, mutane jajaye suna kewaye da ginin riƙe da kyaututtuka. Mai kula da ɗakin ya yi wa Auta bayani, shi kuma ya juya mini: farin mutumin shi ne mamacin, jajayen su ne masu rai da suka zo ziyara. Ya ƙara da cewa da yawa cikin manyan randunan nan gindinsu a huje yake tun daga wurin magini. Siffarsu ta randar da Girkawa ke gauraya giya da ruwa ce a wajen liyafa, amma ba su taɓa riƙe ko ɗigo ba. Don kabari aka gina su.

Kuma masu kabarin ba Girkawa ba ne. Mutanen ƙasar ne na asali, Peuketawa a Ruvo, Dauniyawa a Canosa, masu arzikin alkama da ulu da dawaki, waɗanda suka sayi labaran Girkawa suka kwanta da su. Wace ce aka binne da randa mai hoton mace da madubi? Shekarunta nawa? Me aka sa mata a hannu, me aka aje a ƙafafunta? 'Yan Jatta sun ceci tukwanen, Allah ya sani, amma su ma kyau suke nema, ba su bar mana amsar yawancin waɗannan tambayoyin ba.

Canosa tana kan tudu kusa da kogin Ofanto, ba nisa da filin Cannae inda Hannibal ɗan Kartaj ya ragargaza rundunar Rum a shekarar 216 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai an yi alƙawari da ja-gora ake shiga kaburburan. Wata mata mai furfura ta zo da tarin makullai, ta buɗe mana ƙofar ƙarfe a tsakiyar unguwa, gidajen mutane kewaye, shanya na kaɗawa a bene. Waɗannan su ne kaburburan Lagrasta, da aka gano a shekarun 1840. Wata doguwar gangara ce aka sassaƙa cikin dutse mai laushi, ɗakuna na buɗewa dama da hagu, ga ginshiƙai a bakin ƙofa, ga sauran jan launi a bango. Gida ne sosai, na zuri'a guda, ana buɗewa a sa wani a sake rufewa. Na sunkuya na shiga ɗaki ɗaya. Sanyi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba komai. Ko tsingaro babu. Na yi shiru, don ban san me ake cewa a kushewar wanda ba a bar masa ko ƙashinsa ba.

Ja-gorar ta ce haka Canosa ta saba. Kabarin da aka buɗe a 1813, randunansa sun shiga hannun Caroline Murat, ƙanwar Napoleon da take sarauniyar Napoli a lokacin, daga baya suka ƙare a Munik ta Jamus. Na 1851 ya ba da randar Dariyus da wata 'yar uwarta mai hoton jana'izar Patroklos, wani jarumi a labaran Girkawa, duka suna Napoli. Amma ta ce ɓarnar da ta fi ci mata rai ba ta zamanin sarakuna ba ce, ta zamanin ƙuruciyarta ce. Sunan masu yin ta tombaroli, wato 'yan tonon kabari. Da dare suke fita, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, da wani dogon tsinken ƙarfe mai mariƙi. Su caka, su caka, har su ji ya taɓa murfin dutse ko ya zurma fanko. Kafin asuba sun kwashe abin da zai sayu, sun tattake sauran. Wani lokaci da gangan ake fasa randa don ta shiga jaka ta haye iyaka, can a Siwizalan a liƙe ta, a yi mata takardar ƙarya cewa ta daɗe a gidan wani attajiri, sai gwanjo a Landan. Duk wannan kuwa bayan dokar Italiya ta 1909 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne.

Wani malami a jami'ar Boston, Ricardo Elia, ya zauna ya ƙirga tukwanen Apuliya da aka sani a duniya, fiye da 13,000, ya tarar waɗanda masana suka tono da kansu suka rubuta inda suka same su ba su kai shida cikin ɗari ba. Na sa Auta ya sake tambayarta ko ban ji daidai ba. Haka ne.

Rana dubu ta ɓarawo. A 1995 wani dillali ya yi haɗarin mota a kan babban titin Napoli zuwa Rum ya mutu, 'yan sanda suka sami hotunan tukwane a motarsa. Zaren da aka ja daga nan, tare da wasu, ya kai ga wani sito a Janiba ta Siwizalan, na wani dillali mai suna Giacomo Medici, inda aka tarar da dubban kaya da dubban hotuna, wasu tukwanen da ƙasar kabari a jikinsu. Kotu a Rum ta same shi da laifi a 2004. Cikin hotunan da binciken ya bankaɗo har da na wata randa mai sa hannun Asteas, mai zanen budurwa Europa a bayan farin bijimi yana ratsa teku. Wani lebura ne ya tono ta a Sant'Agata de' Goti a farkon shekarun 1970, ya sayar a kan lira miliyan ɗaya da ɗan alade guda. A 1981 gidan tarihin Getty na Amurka ya saye ta da daloli dubu ɗaruruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta dawo Italiya a 2005. A 2017 aka ɗauke wata ta Python daga babban gidan tarihin New York, a 2024 kuma Balin ta amince ta mayar da tukwanen Apuliya 21 da ta saya a 1984. Ja-gorar ta ce tana murna da kowace ta dawo, amma randa ce ke dawowa, kabarin ba ya dawowa.

Ina hawowa gangarar nan sai zuciyata ta tafi gida. Gumakan yumɓu na Nok, da na Kwatarkwashi, da tulunan Bura a Nijar, ai wannan hanyar suka bi: talaka da diga da dare, dillali a birni, takardar ƙarya, falo a Turai. Har sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya a shekarar 2000. Mu muna binne namu da likkafani kaɗai, ba abin da ɓarawo zai nema, amma waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan tamu ba su tsira ba, kuma abin da za su gaya mana game da kansu ya tafi tare da ƙasar da aka watsar.

Taranto muka nufa daga baya, birnin da mutanen Sparta suka kafa a 706 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ake ganin nan ne cibiyar maginan Apuliya. Tun daga nesa bututun masana'antar ƙarfe ke tarar mutum, sannan tsohon gari a kan tsibiri tsakanin teku biyu, da ginshiƙai biyu na wani tsohon ɗakin bauta tsaye a gefen titi. Gidan tarihinsu, wanda aka kafa a 1887 a wani tsohon gidan 'yan zuhudu, ya sha bamban da na Ruvo. A nan kabari-kabari ake jera kaya. Ga na yarinya: 'yar tsana ta yumɓu, 'yan ƙasusuwan wasa, 'yar buta mai ɗan hanci. Ba ɗaya a ciki da dillali zai waiwaya, amma da yake suna tare, sai na ga yarinyar, na ga uwar da ta jera su. Ga kuma kabarin ɗan wasan da aka tono a 1959, akwatin dutse da tulunan mai a kusurwoyinsa, irin waɗanda ake ba gwanaye a gasar Atina, masu zanen dambe da tseren keken doki da jifan faifai. Daga ƙasusuwansa masana suka karanta irin ƙarfinsa da abincinsa. Ba zan ɓoye ba, ganin ƙashin ɗan Adam a fili ya dame ni, na kawar da kai da wuri. Ko da ilimi aka buɗe kabari, an dai buɗe shi. Amma wannan an san irin mutumin da yake, kuma ba a raba shi da kayansa ba.

Ranar ƙarshe muka ɗauki jirgin ƙasa muka bi gaɓar teku zuwa Metaponto, inda aka ce Pythagoras mai lissafi ya ƙare kwanakinsa. Ba kowa a kufan sai mu da ƙadangaru. A gefen tsohon garin, kusa da ganuwa, masana suka tono unguwar magina a 1973: gindin matoya, da ramukan da ake zubar da abin da ya lalace a wuta. A wannan yankin sana'ar ta fara kafuwa a Italiya, wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa, a hannun mutanen da suka koyo ta daga Atina. Abin da ya tabbatar da cewa a nan wasu sanannun masu zane suka yi aiki ba wata randa mai kyau ba ce, juji ne. Tukwanen da suka karkace, da waɗanda suka tsage, da waɗanda baƙinsu ya ƙi kamawa, da 'yan gutsattsarin gwaji da ake zarowa daga wuta a duba ko ta yi. Ba ɗan tonon da zai ɓata darensa a kansu, shi ya sa suka zauna inda aka zubar da su shekara 2,400. Har sawun yatsun maginan an samu a jikin wasu, aka yi nazarinsu kamar yadda 'yan sanda ke yi.

A ƙaramin gidan tarihin garin na tsaya gaban akwatin gilashin da aka zuba irin waɗannan, na ƙura wa wani ɓallin gindin kofi ido, wanda wuta ta murɗe. Na san abin da maginin ya ji da ya zaro shi, don na sha ganin fuskar Kaka in ta ƙwanƙwasa ta ji murya a dishe. Auta ya matso ya ce, "Yaya, randar nan ta ɗakin Inna, wadda ke bayan ƙofa, ba Kaka ce ta gina ta ba?" Na ce ita ce, ta aurenta ce ma. Muka fita waje inda waya ke kamawa, muka zauna a inuwar wani zaitun, ya kira gida ta bidiyo. Inna ta gan shi, ta gan ni, ta yi hamdala, ta ce ya rame. Da aka gama gaisuwa na ce, "Inna, don Allah ki sa hannu cikin randar Kaka, ta ƙarƙashin wuya, ki shafa." Ta ce me zan yi da wannan kuma, amma ta tashi. Muka ga rufin ɗaki yana juyawa, muka ji ƙarar faifan da aka ɗaga, sannan shiru. Can ta ce, "Ga su nan kuwa. Yatsunta ne, huɗu a jere."